Zane Mai Tudu da Kwari: Daga Bangon Zaure Zuwa Allon Falo

Duk wanda ya taɓa ratsa tsohon birnin Zariya da hantsi, ya san yadda ƙofar zaure ke ɗaukar ido. Magini ya yaɓa ƙasa, ya murɗa ta da yatsu tun tana ɗanye, ya fitar da dagi da zobba da layuka masu sarƙewa. Da rana ta bugo bangon ta gefe, sai kowane tudu ya jefa inuwarsa a kwarin da ke kusa da shi. Da tsakar rana zanen ya lafa, da la'asar ya sake tashi da wata kama. Babu hoton mutum, babu na dabba, amma mai wucewa sai ya waiwaya.

Wannan hikimar ce ake ɗaukowa a yau a ɗora kan allo a rataye a falo. Zane ne da ba ya kwaikwayon surar wani abu, kuma fuskarsa ba shafaffiya ba ce, tana da kauri da kaushi. Mai koyo ba ya bukatar iya zana fuska ko doki. Abu biyu zai sani: halin kwaɓin da ke hannunsa, da yadda haske ke sauka a kansa.

Inda salon ya samo asali

A Turai, zanen da ba ya siffanta komai bai daɗe ba. Hilma af Klint, 'yar ƙasar Suwidin, ta fara irinsa a 1906, sannan Wassily Kandinsky ɗan Rasha ya biyo baya wajajen 1911. Lafta fenti da kauri kuwa ya riga su: a zanen daren taurari da Vincent van Gogh ya yi a 1889, ana ganin sawun burushi ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne wasu masu zane suka haɗa biyun. Alberto Burri, likita ɗan Italiya da ya fara zane yana fursunan yaƙi a Amurka, ya riƙa ɗinke tsofaffin buhunan algarara yana mai da su allon zane. Antoni Tàpies, wanda aka haifa a Barselona a 1923 ya rasu a 2012, ya riƙa cakuɗa yashi da garin dutsen marmara cikin fenti, har allunansa suka yi kama da tsohuwar katanga. Sunansa ma a harshensu na Katalan yana nufin katangu.

Abin da suka gano a ɗakin zane, maginin Hausa ya daɗe da saninsa a kan tsani. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a ƙarni na 19, an ƙawata ginshiƙansa da bangonsa na ciki da zanen tudu. Magina sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, sun san laso da ake haɗawa da katsin marina, duk don yaɓe ya yi ƙarfi ya jure ruwa. Akwai kuma wani dalili da ya sa salon ya dace da gidajenmu: iyalai da yawa ba sa son rataye surar mai rai, shi kuwa wannan ba ya tayar da wannan magana.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne allo. Shagunan kayan zane na sayar da kanbas, wato ƙyalle mai kauri da aka ɗame a jikin firam ɗin katako. Ga mai farawa, wanda bai wuce santimita 30 zuwa 40 ba ya isa. Sai dai ƙyalle yana lanƙwasa, kwaɓi mai kauri kuwa ba ya so. Wanda ke son tudu sosai, gara ya je wurin kafinta a yanko masa filawud.

Na biyu shi ne kwaɓi. Akwai na gwangwani, wanda garin alli ko na marmara ne aka haɗa da gam ɗin akirilik. Yana da danƙo, bai cika tsagewa ba, amma da tsada. Ana iya haɗa na gida da garin POP da masu silin ke amfani da shi, da farin gam na kafintoci, da farin fentin bango. Awon farawa: biyu na gari, ɗaya na gam, ɗaya na fenti, sai ɗigon ruwa in ya yi tauri. Kowanne da aikinsa. Gari ne jiki, gam ne ke manna shi da allo ya rage masa gautsi, fenti kuma ya sa shi sulɓi a hannu. Ana so ya yi kamar talgen da ya kusa zama tuwo: in ka ɗaga cokali, tsinin da ya biyo shi ya tsaya bai kwanta ba. Mai son kaushi sai ya ƙara rairayi da aka wanke aka tankaɗe.

A kula, POP ba ya jira. Da ya sha ruwa yake fara kamawa, cikin kimanin minti 20 zuwa 30 ya daskare, yana ma fitar da zafi yayin da yake yin haka. Don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan, kada a nutsa hannu a ciki a bar shi ya kama, kuma kada a zuba ragowarsa a magudanar ruwa, domin zai toshe ta.

Na uku, abin sassaƙa. Akwai 'yar wuƙar masu zane, amma kicin da ɗakin kwana cike suke da madadinta: tsohon mataji, cokali mai yatsu, katin banki da ya daina aiki, soso, murfin kwalba, tsinken tsintsiya. Fenti kuwa akirilik ya fi, domin da ruwa ake tsinka shi, yana bushewa da wuri, kuma in ya bushe ruwa ba ya wanke shi.

Yadda ake yi

A fara da share fage. A shafa wa allon farin fenti mai ɗan gam, sau ɗaya ko biyu, a bari ya bushe. Ɗanyen ƙyalle ko katako yakan zuƙe ruwan kwaɓi da sauri, daga baya yaɓen ya ɓamɓare.

Kafin ka ɗebi kwaɓi, tsai da shawara ɗaya. Bakan gizo ne masu bin juna? Igiyar ruwa ce? Kunyoyin gona ne da suka karkata? Zana shi da fensir sama-sama. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne cika allo da kowace dabara da suka gani, mataji nan, soso can, har ido ya rasa masauki. Dubi ƙofar zaure: adon yana kewaye da ƙofa, sauran bangon a shafe yake. Wannan shafaffen wurin shi ke ba adon kwarjini. Bar wa allonka fili irin wannan.

Sai ka yaɓa kwaɓin da kati, kauri kamar milimita 3 zuwa 5. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ja matajinka nan take, a ja ɗaya, ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Hannu ya taso daga kafaɗa, ba daga yatsu ba, shi ke sa layi ya tafi sumul. Goge bakin matajin bayan kowane ja. In bai yi maka ba, shafe ka sake, muddin bai fara kamawa ba. Mai son tudu mai tsayi ya gina shi hawa-hawa, kowane hawa ya bushe kafin na gaba, kamar yadda magini ke barin sahun tubali ya sha iska kafin ya ɗora wani.

Bushewa ita ce jarrabawar haƙuri. A kwantar da allon a inuwa, kwana ɗaya zuwa biyu. Da hunturu, iska kan busar da sama ciki na ɗanye, sai fuskar ta dare. A kai shi ɗaki a rufe taga. Da damina kuwa yakan ɗauki kwanaki, kuma in aka yi masa fenti da sauran laima, zai iya yin funfuna. Taɓa shi da bayan hannu: in da sanyi, da saura. Idan ya bushe, a goge tsinin da ya yi kaifi da sanfefa, da takunkumi a hanci saboda ƙurar.

Launi da haske

Launi biyu ko uku sun wadatar. Jar ƙasa, farar ƙasa da shuɗin baba sun daɗe suna zama lafiya da juna a idonmu. Dabarar da ta fi fito da tudu ita ce a fara shafe allon duka da launi mai duhu, har ya shiga kowane lungu. In ya bushe, a ɗan taɓa launi mai haske da burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a shafa sama-sama. Tudun kaɗai zai ɗauka, kwarin ya zauna da duhunsa. Wasu ma sukan bar allon fari fat, inuwa ta zama launinsa.

Daga ƙarshe a shafa banish marar ƙyalli, domin ƙurarmu na son lungu, kuma allon da aka rufe ya fi sauƙin kaɗewa da burushi mai laushi. A rataye da ƙusa mai ƙarfi, tunda yaɓe na da nauyi, a kuma guji bangon da ke tsatsafo da ruwa.

Wurin ratayewa rabin aikin ne. In haske ya fuskanci allon kai tsaye, sai ya cike kwarin, duk wahalar ta ɓace. A nemi bangon da taga ko fitila ke haskawa ta gefe. Kafin a buga ƙusa, a riƙe allon a wurin da safe, a sake riƙewa da la'asar, a ga inda ya fi magana.

Allon farko zai iya tsagewa. Kada a jefar da shi, a karance shi: tsaga mai zurfi na nuna kauri ya yi yawa, ɓamɓarewa na nuna gam ya yi kaɗan ko ba a share fage ba, gari-gari kuma na nuna ruwa ya yi yawa. Da koyo akan iya. Yaran magina ma da cuɗa ƙasa suke farawa, su daɗe suna miƙa wa maigida tubali, kafin a bar su su taɓa ƙofar zaure.