Me Ya Sa Waya Mai RAM 8GB+8GB Take Ɗan Tsayawa?

A jikin kwalin wayoyi irin su Tecno da Infinix ana yawan rubuta 8GB+8GB. Takwas ɗin farko ita ce RAM ta gaskiya, ta biyun kuwa aro ce daga ma'adanar waya.

Kanel ɗin Linux, wato zuciyar Android, yana raba RAM gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa sunanta shafi, galibi mai girman 4KB. Idan manhaja ta nemi shafin da babu shi a teburin adireshinta, sai furosesa ta dakatar da ita, ta kira kanel. Wannan shi ne kuskuren shafi.

Idan shafin yana cikin RAM, adireshinsa kawai kanel zai rubuta, aiki ya ci gaba nan take. Idan kuwa an riga an kai shi ma'adana, dole a jira a ɗauko shi, ita kuma ma'adana ba ta kama ƙafar RAM a sauri ba. Daga nan ake samun ɗan tsaiko yayin komawa WhatsApp bayan wasa.

RAM ɗin aro tana rage yawan rufewar manhajoji, amma ba ta kai ta gaskiya gudu ba. Don haka mai sayen waya ya fara duba lambar farko kafin ya biya kuɗi.