Jan Layi a Sashen D: Abin da Ke Cika Shi da Inda Ya Kamata Ajiya Ta Kwana

Kwamfutoci da yawa da ke shagunan buga takardu na Gummi da Anka, da ofisoshin makarantu a garuruwa irin su Adabka ta ƙaramar hukumar Bukkuyum, na gwanjo ne, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam. Mai irin wannan na'ura yakan buɗe ta wata rana ya tarar da wani sashe mai suna Recovery, galibi da harafin D, layinsa ya rikiɗe ja, ga saƙo na ta leƙowa daga ƙasan allo cewa wuri ya ƙare.

Wannan sashen ceto ne. Kamfanoni irin su HP kan yanki wani ɓangare na faifan ajiya su zuba kayan da za su mayar da Windows yadda ta fito daga masana'anta idan ta lalace. Daidai da kayan ake yanka shi, shi ya sa tun asali kusan a cike yake. Abin da ke ƙarasa shi abu biyu ne: ko wani ya kunna tsarin ajiyar Windows ya nuna masa D, ko kuwa yaran shago sun ga wuri sun jibga hotunan biki da finafinai.

Gyaran ba wuya, amma yana son natsuwa. A fara dakatar da ajiyar da ke zuba a can, a sauya mata masauki. A kwashe duk abin da aka san hannun mutum ne ya sa shi. Jakar da ke ɗauke da sunan kwamfutar, ko mai suna WindowsImageBackup, tsohuwar ajiya ce, a kwafe ta waje kafin a goge. Sauran kuwa, wanda ba a san kansa ba, kada a taɓa. Daga nan a shiga Disk Management a cire wa sashen harafinsa, ya ɓace daga ido, saƙon ma ya daina damun mutane. Mai filashi na gigabayit 16 ya yi amfani da shi ya haɗa filashin ceto tun kwamfutar na da lafiya.

Wani lokaci ba laifin kowa ba ne. A Janairun 2024 sabuntawar Windows 10 mai lamba KB5034441 ta ƙi shiga kwamfutoci masu yawa a duniya, tana nuna 0x80070643, don tana buƙatar sararin megabayit 250 a ƙaramin ɓoyayyen sashen ceto na Windows. Microsoft ta fitar da hanyar faɗaɗa shi da hannu, aikin da ba na ba wanda bai goge ba shawarar gwadawa sai ya kwafe kayansa waje.

Babbar matsalar dai ita ce mutane sun ɗauka babban sashen C da sashen D wurare biyu ne. Faifai ɗaya ne. Rumbu biyu ne a tsakar gida ɗaya, gobarar da ta ci wannan ba za ta bar wancan ba. Ranar da faifan ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, da sakamakon ɗalibai da kwafinsa duk sun tafi tare. Mutanen Gummi da ambaliya ta rusa wa gidaje a Agustan 2024 sun san ruwa ba ya tambayar a wane sashe aka adana takarda.

Sai wani ya ce to a tura komai intanet, tunda Google na ba da gigabayit 15 kyauta. Yana da kyau, sai dai wannan adadin haɗe yake da saƙonnin Gmail da hotunan waya, kuma nan Zamfara ce. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba data. Wanda kwafinsa ɗaya tal ke intanet a lokacin, kallon allo kawai ya yi.

Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ita ta fi dacewa da mu: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wajen ginin. Ga mai shago a Bukkuyum, wannan na nufin kwamfutar kanta, da faifan waje da zai riƙa tafiya da shi gida, sai intanet ko filashi a hannun ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato. Da an gama kwafa a zare faifan. Wanda aka bari a jone, ƙwayar cutar da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi za ta same shi, haka ma wutar da ta dawo da ƙarfi.

A yi hattara da filashin bogi, mai rubutun gigabayit 64 alhali cikinsa bai kai ba; yana karɓar kaya ba musu, sai an zo buɗewa a ga wayam. Don haka duk ƙarshen wata a jona ajiyar a wata kwamfuta daban, a buɗe fayiloli uku ko huɗu a gani. Idan akwai kwafin katin shaidar mutane a ciki, a kulle jakar da kalmar sirri ta hanyar manhaja irin 7-Zip kafin ta bar shagon.