KAMA DA WANE BA TA WANE: Kalmomin Turanci Masu Kusancin Ma'ana Da Irin Ɓarnar Da Suke Yi

Garatu gari ne na manoma a bakin hanyar Minna zuwa Bida, cikin Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja, ba nisa da Gidan Kwano, mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya. A can ne wata rana wani dattijo manomin doya, da ya ji an ce ni ɗan jarida ne, ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa ya ce in karanta masa. Ya ce wasu mutane ne suka kawo musu taki da maganin ciyawa da sunan tallafi, ya dangwala yatsa ya karɓa, ga shi yanzu kaka ta yi ana aiko masa wai ya biya. Da na duba sai na ga kalmar "loan" tun a layin farko, watau rance, alhali shi abin da ya fahimta shi ne "grant", kuɗi ko kayan da ake bayarwa ba don a maido ba.

Tushen rikicin shi ne kalmar tallafi, wadda mu 'yan jarida da ma'aikatan rediyo muka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta. In gwamnati ta biya wani kaso na farashin kaya don su yi sauƙi, Bature ya ce "subsidy", mu mu ce tallafi, kamar na man fetur da aka janye a 2023. In an raba shinkafa don rage raɗaɗin tsada, ya ce "palliative", mu ce tallafi. In kyauta ce, tallafi. In rance ne mai sauƙin ruwa, shi ma tallafi. To, yaya za a yi mai sauraro ya san wanda za a biya da wanda ba za a biya ba?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa ƙananan manoma rance a Birnin Kebbi. Bayan 'yan shekaru sai aka yi ta kukan cewa manoma da yawa ba su biya ba, wasunsu suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Gaskiya ne akwai masu taurin bashi da gangan, akwai kuma waɗanda ambaliya da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, amma duk wanda ya saurari yadda aka riƙa ba da labarin da Hausa ya san kalmar tallafi ta fi kalmar rance yawo a bakin jama'a.

Abin mamaki kuwa, Hausa ta fi Turanci bambance waɗannan al'amura. In ka karɓi garmar maƙwabcinka, aro ne, ita ɗin za ka mayar. In ka karɓi kwano goma na dawa, rance ne, kwatankwacinsa za ka mayar. In ka ɗauki kaya a kanti ba ka biya ba, bashi ne. Bature kuwa "loan" ta ishe shi ga aro da rance duka. Amma shi ma yana da inda ya raba mu muka haɗa: mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa kuwa "borrow", mu kuma da kalmar ara kaɗai muke cewa na ari littafi, ko ara mini littafi. Shi ya sa ɗalibanmu kan musanya su, su yi ta asarar maki a jarrabawa.

A kotu ne abin ya fi tsanani. Wanda 'yan sanda ke zargi "suspect" ne. In an gurfanar da shi ya zama "accused" ko "defendant". Sai alƙali ya same shi da laifi sannan ya zama "convict". Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Saboda haka jaridar da ta rubuta an kama ɓarawo, maimakon wanda ake zargi da sata, ta yanke hukunci kafin alƙali, ta kuma ɓata sunan da wanke shi ke da wuya.

Haka nan kalmar sallama. "Bail", wadda muka mayar beli, ba ƙarshen shari'a ba ne, mutum ne aka ba shi damar zuwa kotu daga gida, in ya gudu kuma wanda ya tsaya masa ne zai shiga uku. "Discharge" ita kaɗai saki ne wanda sau da yawa ana iya sake gurfanar da mutum bayansa. "Acquit" kuwa wankewa ce, kuma wannan sashen ya hana a sake yi wa wanda aka wanke shari'a a kan laifin, sai da umurnin kotun da ke sama. Iyalai nawa ne suka yi murna, suka yanka rago, ba su san wace sallamar aka yi wa ɗansu ba?

Magabata sun san nauyin wannan aiki. Bargery ya buga ƙamusunsa na Hausa a 1934, Skinner ya fito da Ƙamus na Turanci da Hausa a 1965, Alhaji Abubakar Imam kuwa, haifaffen Kagara ta wannan jiha, ya fara aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, lokacin da ake laluben sunan da za a raɗa wa kowane baƙon abu. Amma ƙamus jerin kalmomi yake bayarwa. Zaɓen wadda ta dace aikin mai fassara ne.

Saboda haka muna kira ga abokan aiki su kira rance rance, kyauta kyauta. Ga jama'a kuma, kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba, ya kuma yi tambaya uku: zan biya? Nawa? Yaushe? Wanda ake tuhuma da laifi a kotu ya sani doka ta ba shi ikon samun tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'ar da shi.

Shi dai dattijon na Garatu ya naɗe takardarsa, ya ce zai sayar da doya ya biya, don ba ya so a kai shi kabari da hakkin wani. Abin da ya roƙa kawai shi ne nan gaba a gaya musu magana da sunanta. Allah Ya sa masu abin su ji.