Tarar ciyawa a Amurka: Abubuwan da ya kamata ka sani kan dokar da ke iya raba tsoho da gidansa

A tsakiyar shekarar 2018, wani dattijo daga garin Dunedin na jihar Fulorida ya tafi jihar Karolina ta Kudu don warware al'amuran gadon mahaifiyarsa. Ya bar wa wani mutum amanar yanke masa ciyawar ƙofar gida. Yana can, Allah ya yi wa mutumin rasuwa ba zato ba tsammani. Lokacin kuwa damina ce a Fulorida, ciyawa tana tashi kamar ana jan ta. Ta wuce inci 10 da dokar garin ta yarda da shi, wato ɗan fiye da taƙi guda. Hukumar garin ta shiga lissafa masa tarar dala 500 a kowace rana har kusan wata biyu. Bashin ya doshi dala 30,000, kuma a 2019 hukumar ta ɗauki matakin neman kotu ta sayar da gidan.

Wanda ya ji wannan labari daga nesa zai ɗauka almara ce. A Amurka kuwa garuruwa da dama sun san irin wannan rigima, kuma sau da yawa wanda ke tsakiyarta tsoho ne ko majinyaci.

Me ya haɗa hukuma da ciyawar mutum?

Shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa a gaban gida ta samo asali ne daga gidajen masu sarauta da attajiran Ingila da Faransa, inda barin fili ba noma ba kiwo yake nuna cewa mai gidan ya wadata. A 1830 wani Baturen Ingila, Edwin Budding, ya ƙera injin yankan ciyawa, sai abin ya fara saukowa hannun masu matsakaicin ƙarfi.

Amma abin da ya mai da shi farilla a Amurka shi ne unguwannin bayan gari da aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Levittown da ke jihar Niyok, wadda aka fara ginawa a 1947, an rubuta wa mazauna sharaɗin yanke ciyawa aƙalla sau ɗaya a mako daga Afrilu zuwa Nuwamba. Gidajen ba su da katanga ta gaba, farfajiyar wannan tana haɗe da ta wancan, don haka ƙofar gidan kowa ta zama fuskar layin gaba ɗaya. Ga kuma maganar kuɗi: gida shi ne babbar dukiyar yawancin iyalan Amurka, kuma sun yi imanin cewa gida ɗaya da ya yi duhuwa yana rage wa na kusa da shi daraja a kasuwa.

Wa ke cin tarar?

Hukuma iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su.

Ta farko ita ce hukumar gari ko ta gunduma. Tana da jami'an da ke zagayawa suna duba gidaje, kusan irin aikin duba-gari da iyayenmu suka sani, sai dai yawancin lokaci ƙarar wani maƙwabci ce ke kawo su. Kowane gari da ma'auninsa: wani inci 8, wani 10, wani 12.

Ta biyu ita ce ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, wadda Amurkawa ke kira HOA. Wannan ba gwamnati ba ce. Sharuɗɗanta suna manne da takardun gidan, duk wanda ya saya ya shiga, ko ya karanta ko bai karanta ba. Fiye da mutum miliyan 70 ke zaune a unguwanni da gine-ginen da irin waɗannan ƙungiyoyi ke gudanarwa. Su ba tsawon ciyawa kaɗai suke dubawa ba, har launinta, da fentin bango, da wurin ajiye kwandon shara. Duk Bahaushen da ke shirin sayen gida a can, ya nemi waɗannan takardu ya karanta kafin ya sa hannu.

Yadda ƙaramar tara ke haɗiye gida

Nan ne zuciyar maganar. Yankan ciyawar farfajiya ɗaya aikin sa'a guda ne, ladansa 'yan daloli. To ta yaya ake kaiwa ga dubbai?

Sirrin yana cikin kalmomi biyu: kowace rana. A dokar jihar Fulorida, hukumar gari na iya cin tarar da ta kai dala 250 a kullum kan laifin farko, da dala 500 a kullum idan an taɓa kama mutum da irin laifin a baya. Dattijon Dunedin an taɓa samunsa da laifin doguwar ciyawa a 2015, shi ya sa aka ɗora shi a kan mataki na biyu. Lissafin ba ya jiran mai gida ya buɗe wasiƙa. Yana tafiya ko mutum yana gadon asibiti, ko yana wajen jana'iza.

Idan ba a biya ba, sai a ɗaura bashin a wuyan gidan. Daga ranar ba za a iya sayar da shi ko karɓar rance da shi ba sai an biya, kuma ko magada ne suka gaje shi, da bashin suka gada. A wurare da dama mataki na gaba shi ne gwanjo da umarnin kotu. Wasu jihohi suna da kariya: tsarin mulkin Fulorida ya hana a sayar da gidan da aka tabbatar shi ne mazaunin mutum saboda irin wannan bashi na hukumar gari. Amma kariyar ba ta goge bashin, kuma ba kowace jiha ke da ita ba.

Wasu garuruwan suna bin wata hanya: su turo ma'aikata su yanke, su aiko da lissafin aikin da kuɗin ofis a kai, in ba a biya ba a haɗa da harajin gida. Wannan ya fi sauƙi, domin aƙalla ciyawar ta tafi kuma lissafin ya tsaya.

Sai kuma maganar ɗauri. A takarda, yawanci ba a ɗaure mutum don ciyawa. Ana ɗaure shi ne don ya ƙi halartar kotu ko ya saɓa umarninta. A 2008, a gundumar Pasco ta Fulorida, wani mutum mai shekara 66 ya kwana a kurkuku saboda kotu ta umarce shi ya sake dasa ciyawar da ta bushe masa, bisa ƙarar ƙungiyar unguwarsu, bai yi ba. Kuɗin da yake da su yana zuba su ne a bashin gidan don kada banki ya ƙwace. A 2015, a ƙaramin garin Riesel na jihar Teksas, an ba da sammacin kama wata tsohuwa mai shekara 75 saboda ba ta je kotu kan doguwar ciyawa ba. Ta ce wasiƙar ba ta taɓa isowa hannunta ba.

Me ya sa tsofaffi da majinyata suka fi shiga ciki?

Domin abin da ke hana mutum tura injin yankan ciyawa, shi ne dai ke hana shi kare kansa. Wanda ya karya ƙugu ba zai iya yanka ba, ba kuma zai iya tuƙa mota zuwa zaman sauraron ƙara ba. Wadda ta fara ruɗewar tsufa za ta tara wasiƙu a kan tebur ba ta buɗe ba. Matar da mijinta ya rasu, wanda shi ke wannan aiki shekara arba'in, ba ta ma san yadda ake tayar da injin ba. Da yawansu sun gama biyan kuɗin gidan tuntuni, amma abin da ke shigo musu a wata ɗan fansho ne da ake rabawa tsakanin magani da abinci da wutar lantarki. 'Ya'ya kuma sun watsu a wasu jihohi, tafiyar sa'o'i a jirgin sama.

A ganina nan ne kuskuren tsarin yake. An ƙirƙiri tara don mai iyawa da ya ƙi, a matsa masa har ya yi. Idan aka ɗora ta a kan wanda ba ya iyawa, ba abin da za ta gyara: ciyawar tana nan, kuɗin da zai ba mai yanka kuma an karɓe. Gidan da aka saba gani tsaf shekara da shekaru, in ya wayi gari ya yi duhuwa, labari yake bayarwa cewa wani abu ya sami na ciki. Ruwa ba ya tsami banza.

Shin dokar ba ta da hujja ne?

Tana da ita, kuma rashin adalci ne a ɓoye hakan. Duhuwar ciyawa maɓoyar ɓeraye da macizai da sauro ce, a yankuna masu fari kuma makamashin gobara ce. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan birnin Filadelfiya ya nuna cewa share kangwaye da gyara su ya rage harbe-harben bindiga da kusan kashi 29 cikin ɗari a unguwannin talakawa. Akwai kuma masu gidajen haya da bankuna da ke riƙe da gidaje su bar su a yashe, waɗanda ba abin da ke motsa su sai tara mai zafi. Maƙwabcin da ke kai ƙara ba lalle mugu ba ne. Shi ma yana da haƙƙi. Ko a shari'ar Dunedin, hukumar garin ta kafa hujja da cewa mutumin ya daɗe yana saɓa ƙa'idojin kula da gida.

Sai dai akwai garuruwan da suka mai da tara hanyar samun kuɗin shiga. Rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a Maris 2015 kan garin Ferguson na jihar Misuri ya nuna yadda hukumar ta jingina kasafinta da tara, kuma nauyin ya fi sauka a kan baƙaƙen fata. Rahoton ya ambaci cewa tarar doguwar ciyawa a Ferguson tana kamawa daga dala 77 zuwa 102, alhali a wani gari na yankin dala 5 ce. A Pagedale da ke kusa, ƙa'idojin sun kai har ga labulen taga, sai da mazauna suka kai ƙara, garin ya amince da gyara a 2018.

Me kotuna suka ce?

Gyara na Takwas na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya haramta tarar da ta wuce kima. A Fabrairun 2019, a wata shari'a da ta taso daga jihar Indiyana, Kotun Ƙoli ta yanke cewa haramcin ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi ma. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta hukuncin. Tun 1983 kuma kotun ta ce ba a ɗaure mutum don gaza biyan tara sai an bincika ko rashi ne ya hana shi.

Amma ina iyakar kima? Wannan aka bar wa ƙananan kotuna. Dattijon Dunedin, wanda lauyoyin ƙungiyar Institute for Justice suka tsaya masa, ya sha kaye a kotun tarayya a 2021, ya sake shan kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 2022. Alƙalan sun duba cewa dala 500 a rana tana cikin abin da dokar jiha ta halatta.

Mai larurar naƙasa yana da wata ƙofa. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, bayan gyaran 1988, da dokar kare naƙasassu ta 1990, suna ba shi damar neman sassauci gwargwadon larurarsa, kamar ƙarin wa'adi. Sai dai shi ne zai nema, kuma tsufa kaɗai ba ya cikin abin da waɗannan dokoki suka kare.

Tausayin maƙwabta da iyakarsa

Mutumin gundumar Pasco maƙwabta da baƙi ne suka fitar da shi: suka taru da kayan aiki suka dasa masa sabuwar ciyawa, alƙali ya sallame shi. Tsohuwar Riesel, yara huɗu 'yan gida ɗaya ne suka ga labarinta a talabijin suka zo suka yanke mata. A garin Huntsville na jihar Alabama, wani ɗalibi ɗan asalin Bermuda, Rodney Smith Jr., ya ga wani tsoho yana fama da injin a 2015, ya tsaya ya karɓa masa. Daga nan ya kafa ƙungiyar Raising Men Lawn Care Service, wadda ke ƙalubalantar yara su yanke farfajiya 50 kyauta ga tsofaffi da naƙasassu da tsofaffin sojoji da iyaye mata masu renon 'ya'ya su kaɗai. Shi kansa ya zagaya jihohi 50 yana wannan aiki. Wanda ya san aikin gayya a gonar gwauruwa ko maras lafiya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ina jinjina wa waɗannan mutane da zuciya ɗaya. Abin da ke damuna shi ne, a labaran biyu na farko, taimakon ya zo ne bayan 'yan jarida sun yayata. Tsohon da babu mai ɗaukar hotonsa, wanda ke kwance shi kaɗai a ɗaki, lissafinsa yana ci gaba da hauhawa. Sauƙin da ya dogara da sa'a ko da kirkin jami'in da aka turo ranar, wasu ne kawai za su same shi. Dole a rubuta shi cikin dokar kanta.

Abin da aka fara gyarawa

Wasu jihohi sun taɓa ɓangaren ƙungiyoyin unguwa. A Fulorida, tarar ƙungiya da ba ta kai dala 1,000 ba ba ta zama bashi a wuyan gida, kuma sai an ba mutum sanarwar kwana 14 da damar kare kansa. Jihar Kolorado ta yi doka a 2022 da ta tsayar da jimillar tara a dala 500 kan laifin da ba ya barazana ga lafiyar jama'a, ta kuma hana ƙungiya sayar da gidan mutum idan bashin na tara ne zalla.

Hukumomin gari su ne suka rage a baya, ga shi abin da ake buƙata daga gare su ba mai tsada ba ne. A sa wa tarar kullum rufi, kada ta ninka kuɗin aikin sau ɗari. Kada lissafi ya fara sai an tabbatar saƙo ya isa hannun mai gida. A dakatar da shi idan an kawo takardar asibiti. Jami'in da aka turo ya riƙe lambar ma'aikatan jin daɗin tsofaffi da ta masu aikin sa-kai tare da littafin tararsa, kuma kafin ya manna takarda a ƙofa ya ƙwanƙwasa, ya jira, ya ga ko akwai mai iya tasowa ya buɗe.