Goro, Shayi da Ciwon Kan Farkon Azumi

Duk shekara idan aka ga watan Ramadan, akwai wani ciwon kai da ke kama mutane da yawa a Ringim tun kafin la'asar ta ranar farko. Dattijon da bai saba rabuwa da goro a aljihu ba zai yi ta hamma, jiki ya mutu, magana kaɗan ta ɓata masa rai. Akan ɗora laifin a kan yunwa da ƙishirwa, kuma suna da nasu kason. Amma kaso mai tsoka na kafeyin ne, sinadarin da ke cikin goro da ganyen shayi da kofi, wanda jiki ya saba samu da safe, yau bai samu ba.

Sabonmu da shi ya daɗe. Tun zamanin da fatake ke bin madugu zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, Bahaushe ke cin goro. Yanzu daga ƙasar Yarbawa ake lodo shi, irin su Shagamu, a sauke a kasuwar Mariri ta Kano, daga nan ya bazu zuwa Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura. Ba a ɗaurin aure ko suna babu shi. A shekarar 1819 ne wani masanin haɗa sinadarai ɗan Jamus, Friedlieb Runge, ya fara ware kafeyin daga 'ya'yan kofi, daga baya aka gano shi ne dai a shayi da goro. A busasshen goro yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa, ba kaɗan ba ne.

To me yake yi idan ya shiga jiki? Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Yana da mazaunai na musamman a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Duk sa'ad da ya zauna a cikinsu sai aiki ya lafa, ido ya yi nauyi, gyangyaɗi ya zo. Barci ne ke kwashe shi. Shi kuwa kafeyin ƙirarsa ta yi kama da ta adenosin, don haka sai ya riga shi zama, kamar fasinjan da ya tare maka kujera a tasha alhali ba tafiyar zai yi ba. Saƙon gajiya ya rasa wurin sauka, mutum ya ji ya wartsake. Abin lura shi ne babu wani ƙarfi da aka ƙara masa. Gajiyar tana nan tana taruwa, an dai hana shi jin ta ne, kuma da zarar hanta ta gama narkar da kafeyin sai ta sauko masa gaba ɗaya.

Ƙwaƙwalwa ba ta zura ido. Idan kullum ana toshe mata mazaunan nan, sai ta ƙara wasu. Shi ya sa ɓarin goron da a da ke raba mutum da barci yanzu ba ya jin sa, sai ya ci guda, sai biyu. Ranar da ya rasa kuwa, adenosin ya tarar da mazaunai fiye da na da, duk a buɗe. Ga kuma jijiyoyin jinin kai, waɗanda kafeyin ke ɗan tsuke su, sun saki, jini ya ƙaru a cikinsu, kai ya ɗauki sara. Wannan yakan fara ne sa'o'i 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya tsananta a kwana na ɗaya zuwa na biyu, ya wuce cikin kwana 2 zuwa 9. Sabo ne na gaske, ba raki ba ne. Sai dai bai kamata a jera shi da su tramadol ba, domin ba ya rusa gida ko gusar da hankali, kuma rabuwa da shi ba wuya.

Matsalar tana wajen yawa da kuma lokaci. Hukumomin kula da abinci na Amurka da na Tarayyar Turai sun ce miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya. Kofin ruwan bunu yana ɗauke da kamar 40 zuwa 50, cokalin shayi na garin kofi kamar 60, ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari kamar 80. Ka tsaya teburin mai shayi bayan isha'i ka gani: matashi zai ce a yi masa kauri, a zuba cokali biyu na kofi, ya haɗa da burodi, alhali da rana ya riga ya sha gwangwani biyu. Jiki na buƙatar kimanin sa'o'i 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha. Wanda ya sha ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu rabi na nan a jininsa. Ko barcin ya zo ba ya nauyi, ya tashi asuba a gajiye, ya sake neman shayi. Wannan zagayen ne ya fi damuna game da samarinmu, ɗalibai da 'yan acaɓa da direbobin hanyar Kano, domin direban da ya danne barci da goro yana iya rufe ido na daƙiƙu kaɗan bai sani ba.

Mai juna biyu lissafinta daban ne. A watannin ƙarshe kafeyin na iya ninka lokacin da yake yi a jikinta har sau uku, yana kuma ratsa mabiyiya ya isa ga jaririn da hantarsa ba ta iya narkar da shi ba. Shawarar likitoci kada ta wuce miligiram 200. Shayi kuma yana rage wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, ga mata da yawa dama jininsu bai cika ba, gara a sa tazarar sa'a guda tsakaninsa da tuwo. Mai hawan jini, da mai faɗuwar gaba, da mai ƙwannafi, su ma su gaya wa likita yawan abin da suke ci da sha, har da goron, don mutane kan manta da ambatonsa.

Mai son ragewa kada ya yanke rana ɗaya. Ya riƙa rage kwata duk bayan kwana uku ko huɗu, ya fara da na dare, ya bar na safe zuwa ƙarshe. Mai shirin azumi ya soma tun tsakiyar Sha'aban, mako biyu sun ishi ƙwaƙwalwa ta daidaita.