Gubar Dalma a Shikira: Aikin da Ya Fi Ƙarfin Gida Ɗaya

Kafin saukar daminar 2015, yara ƙanana suka fara mutuwa a Unguwar Magiro da Unguwar Kawo, a yankin Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, mai hedikwata a Kagara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga ta biyo baya, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Alamomin sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, sai da aka gwada jini aka gano gubar dalma ce. Zuwa watan Mayu, hukumomin lafiya sun tabbatar da rasuwar yara 28, dukkansu ba su kai shekara biyar ba.

Dutsen da ake haƙowa don neman zinare a yankin yana ɗauke da dalma. Idan aka kawo shi gida, aka fasa, aka daka a turmi ko aka niƙa a inji, ƙurarsa tana sauka a tsakar gida, a kan tabarma da kwanon abinci. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma cikinsa ya fi na babba saurin shanye dalma. Wanda ya tsira da rai ma yana iya tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa da ba ta warkewa. Irin wannan ne ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu.

Likitocin ƙungiyar MSF, wadda aka fi sani da Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini. Amma a ba yaro magani, a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, aikin baban giwa ne. Dole sai an kankare ƙasar saman gidajen, an binne ta a wuri na musamman, an zuba sabuwa. Ko an yi hakan, idan maƙwabci ɗaya ya ci gaba da niƙa a bayan danga, iska za ta raba ƙurar gida-gida. Matsalar ta gari ce baki ɗaya, saboda haka duk wanda ya zo da niyyar taimako sai ya zauna da gari.

Wannan shi ne fannin aikin walwalar jama'a da mutane ba su cika sani ba. An saba ganin jami'in walwala yana sasanta miji da mata ko yana neman wa maraya tallafi. Akwai kuma aikin tara mutanen da abu ɗaya ya dama, su gano tushen matsalarsu, su yanke shawara, su raba aiki a tsakaninsu. Bahaushe ya san gayya tun kaka da kakanni, sai dai a gayya kowa ya yarda ciyawa ce abokiyar gaba. A Shikira kuwa abin da ke kashe 'ya'ya shi ne abin da ke ciyar da su, don haka zaman ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Abu mafi sauƙi ga hukuma shi ne ta ce an haramta haƙar zinare. A ganina, wannan ita ce hanya mafi haɗari ga yara. Mutumin da kuɗin zinare ya fi masa na gona ba zai daina ba, ɓoyewa zai yi, kuma ba shi da maɓoyar da ta wuce cikin gidansa, inda yaran suke. Shi ya sa mai aikin da ya san abin da yake yi ba ya shiga gari da wa'azi. Yakan fara da gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa da liman, sannan ya nemi masu ramuka da masu injin niƙa da 'yan dako, domin su ne za su kiyaye doka ko su karya ta. Mata kuma sai an yi musu nasu zaman, da mace a gaba. Su ne ke shara, su ne ke wankin kayan da aka dawo da su daga rami, kuma a gaban maza da yawansu ba za su buɗe baki ba.

Dokokin da ake buƙata ba su da yawa: kada a shigo da dutse cikin gari, a yi niƙa a wajen gari, a yi wanka a sauya tufafi kafin a koma gida, kada yara su je wurin aiki. Faɗinsu ba wuya. Wuyar tana ga wanda zai tsare ƙanin mai unguwa idan ya shigo da buhu da dare. Baƙo ba zai iya ba, sai ƙungiyar mahaƙan da kanta.

An samu shaidar cewa zama da mahaƙa yana biya. MSF da wata ƙungiyar Amurka, Occupational Knowledge International, sun yi aiki da mahaƙan Shikira a kan fesa ruwa yayin haƙa da niƙa, don kada ƙura ta tashi. Da aka auna iskar da ma'aikatan ke shaƙa, dalmar da ke cikinta ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai lalata huhu kuma da kusan kashi 80.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙauye ko da ya haɗa kai. Kankare ƙasar gari kuɗi ne na gwamnati, kuma kuɗin ya yi nawa. Matasan ƙungiyar Follow The Money, ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal, waɗanda suka taɓa matsa wa gwamnati lamba a kan gubar dalma a Bagega ta Zamfara, su ne suka ɗauki kukan Shikira zuwa Abuja da kafafen sada zumunta. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi sama da naira miliyan 250, aka yi aikin kankare ƙasar tare da ƙwararrun ƙungiyar TerraGraphics. A 2018 MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin Jihar Neja.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa irin wannan aiki nauyi. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe mutum 42 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, a ƙarshen watan Mayu kuma suka ɗebi yara sama da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina. Inda ake gudun hijira, ƙungiya takan watse, mutanen da suka halarci zaman farko su bazu, baƙin mahaƙa da ba su san an taɓa binne yara 28 ba su maye gurbinsu. Injin fesa ruwa yana buƙatar mai da gyara, wani ne zai riƙa karɓar kuɗin ƙungiya, wani kuma zai zaunar da kowane sabon zuwa ya karanta masa doka kafin ya sauka rami.