Iskar da ke Yawo a Cikin Rumbu

Tun da gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta a Fabrairun 2024, maganar da nake ji a majalisun garin Lafiya ɗaya ce: a ƙara gina rumbunan ƙarfe, a cika, a garƙame. Sai ka ce hatsi tsakuwa ne.

Masarar da aka zuba a rumbu, kusan kashi 40 cikin ɗari na wurin da ta ci iska ce tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ga kuma sararin da ya rage a sama. Da hunturu bangon ƙarfe ya yi sanyi, sai iskar gefe ta yi nauyi ta gangara, ta bi ta tsakiya inda ɗumi ya maƙale, ta haura da laima ta sauke a saman hatsin. Da bazara tafiyar ta juya, laimar ta taru ƙasa. Ba fanka, ba mai turawa. Shi ya sa masarar da aka zuba busasshiya, laimarta kashi 13, sai a buɗe a tarar ta yi fumfuna ta dunƙule. Lissafin wannan tafiya ya samo asali daga Henry Darcy, injiniyan Faransa da ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi a 1856.

Kakanninmu ba su san Darcy ba, amma dubi rumbunsu. Bangon laka ba ya ɗaukar zafi da sanyi nan take kamar kwano. Jinka ta tare rana, duwatsu sun ɗaga shi daga danshin ƙasa, dawa da gero kuwa a zangarniyarsu ake jerawa, iska na ratsawa. Je ka ƙauyukan Maraɗi ka gan shi tsaye har yau. Mu ne muka kira shi ƙauyanci. Ko tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ta Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, sai da Turawa suka ba shi kyautar Rolex a 2000 sannan muka waiwaye ta.

To amma Lafiya ta fi Maraɗi laima nesa, ba a kwaikwayo da ka. Me ya hana Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta soka ma'aunin zafi a rumbun laka na Doma da na ƙarfe, daga Disamba zuwa Afrilu, ta faɗa wa manoma abin da ta gani?